Notin da Aka Shekara Tara Ana Nema

A ƙarshen layin masu gyaran keke, inda kasuwa take fara gajiya, rumfuna su yi ta raguwa har su ƙare a jikin katangar wata tsohuwar ma'aikata, nan Mai Noti yake zama. Rumfarsa ba ta fi wurin kwanciyar mutum biyu ba. Kwano a sama, katako a gefe, sai benci guda da ƙafarsa ɗaya ta karye aka tokare da bulo. Dukiyar tana ƙasa, cikin manyan daro huɗu da suka daɗe da mance launinsu. Tsofaffin noti ne a ciki, na mota da na fanka, na keken ɗinki da na gadon ƙarfe, mai tsatsa da mai sheƙi, duk a cakuɗe. A bakin masu sana'ar, dogon nan mai haƙora shi ne namiji, zagayayyen da ake murza masa kuma mace. A daron Mai Noti kuwa babu namijin da ya san inda tasa take.

Duk mai son tsari in ya leƙa rumfar sai kansa ya sara. Akwai irin mutanen nan da ba sa iya ganin kalanda a karkace a gidan wani su ƙyale, kuma kasuwa ba ta rasa su. Sun sha tsayawa su ba shi shawara kyauta, su ce ya ware manya daban ƙanana daban, ya huta ya hutar da jama'a. Yakan ɗaga kai ya ce, "To." Shekara talatin yana faɗin wannan "to" ɗin, ko noti ɗaya bai ware ba.

Yana saurayi, a ma'aikatar bayan katangar nan yake aiki, zamanin da ake haɗa baro da gadajen ƙarfe a cikinta. Shara ce aikinsa. Kullum da yamma tsintsiyarsa takan taro abin da ya suɓuce daga hannun ma'aikata, shugaban sashe ya ce ya watsar a bola. Shi kuwa hannunsa ba ya iya zubar da ƙarfe, sai ya roƙi a bar masa. Aka yi masa dariya, aka bar masa. Ranar da aka rufe ma'aikatar kowa ya fito da takardar sallama, shi ya fito da takarda da buhu uku. Bai yi nisa ba, katangar kawai ya zagayo ya zauna.

Da wannan sana'a ya yi aure, da ita ya reni 'yarsa ɗaya tilo, wadda yake kira Uwata har kowa ya kama. Yana cikin sana'ar matarsa ta rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan. 'Yar ta yi karatu, ta sami aiki a wani babban kantin magani a birni mai nisa, tafiyar yini guda a mota, ta yi aure a can. Shi ya rage a ɗaki ɗaya a gidan haya.

Wanda ya san rumfar ba zai yarda mai ita ne mai ɗakin nan ba. Tsaf yake. Bargo a ninke a kan katifa, kofi ɗaya a kan taga da cokali ɗaya a cikinsa, takalma a bayan ƙofa suna kallon gefe guda. Ba tsafta ce ta dame shi ba, mai ɓatawa ne babu. Abin da ya ajiye da safe a nan yake tarar da shi da yamma, ko kaɗan bai gusa ba. Da can, matarsa tana raye yarinyar tana rarrafe, yakan yi mita har maƙwabta su ji: hularsa a cikin kwandon albasa, cokali a cikin takalmi, almakashi a ƙarƙashin filo. Matar takan ce masa mai daro huɗu ba shi da bakin yi wa kowa faɗan hargitsi. Yanzu yakan buɗe ƙofa ya tsaya yana kallon kofin nan a inda ya bar shi, kewa ta cika masa ƙirji. Shi ya sa yake riga kowa fita kasuwa, kuma shi ne na ƙarshen rufewa.

Ga yadda ake ciniki a wurinsa. Mutum zai zo da noti a hannu ya ce irin wannan yake nema. Mai Noti zai karɓa, ya juya shi, ya shafa haƙoransa da babban yatsa, ya mayar masa, sannan ya nuna daro da haɓa. "Akwai. Duba nan." Shi ke nan, sai mutum ya tattare riga ya tsuguna, ko ya ja benci, su zura hannu tare. Ƙarfe yana ta ƙara, hannu yana yin baƙi. Ba a minti biyar ana tonon nan baki a rufe. Wanda ya zo neman notin fanka sai ya tsinci kansa yana ba da labarin ɗansa da ya ƙi karatu. Tela ya kawo ƙarar mai gidan haya. Mai injin niƙa ya faɗi abin da likita ya gaya masa, wanda ko matarsa bai faɗa wa ba. Ido yana cikin daro, ba mai kallon fuskar wani, don haka magana takan fito da sauƙi. Mai Noti ba gwanin zance ba ne, nasa bai wuce "Af" da "Ikon Allah" da "Gwada wannan" ba. Amma a nan yake samun rabonsa na mutane na yini, ya ƙulle abinsa ya tafi da shi gida.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, yatsunsa sun san daron nan kamar yadda harshe ya san haƙora. In ya ga dama, kafin ka gama gaisuwa ya zaro maka abin da ka zo nema. Sai dai ba ya yin haka sai ya ga mutum a gigice, injinsa ya tsaya ko mota tana jiransa a hanya. Irin wannan yakan tafi yana cewa yau ya taki sa'a.

Cikin masu tono akwai wanda ya fi kowa daɗewa, shi ne Direba. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, ya yi shekara ashirin da shida yana jan babbar mota kafin ciwon ƙugu ya sauke shi. A gidan ɗansa yake zaune, inda ake lallaɓa shi kamar ƙwai, a hana shi ɗaukar ko da bokiti, a tambaye shi ina za shi da zarar ya taɓa takalmi. Wata rana, shekara tara da suka wuce, ya zo da wani namijin noti mai kauri, mai haƙora irin na da, ya ce na kujerar tsohuwar motarsa ne, mace yake nema masa. Suka tona har rana ta yi sanyi ba a samu ba. Washegari ya dawo, ranar da ta biyo ma haka. Tun daga nan, bayan azahar kaɗan, sai ka hango shi ya shawo kwanar layin, hannu ɗaya a aljihu.

"Mai Tarkace, an samu?"

"Ina fa. Gwauron naka har yanzu ba wadda ta yarda da shi."

"Laifin mai nema masa ne. Kai ne ba ka iya magana ba."

"To sa hannu mu ga naka iyawar."

Sai Direba ya ja daro na uku gaban benci. Su yi ta tono suna musu a kan abin da bai shafe su ba, ko ruwa zai sauka, ko motocin yanzu gwangwani ne, ko wa ya girmi wani a cikinsu. Sau ɗaya, hannunsa a nutse har wuyan hannu, Direba ya ce abin da ya fi damunsa a gidan ɗansa shi ne ba mai musu da shi, duk abin da ya faɗa sai a ce, "To, Baba." Ya ce mutum ya rasa ko wanda zai ce masa ƙarya yake yi. Mai Noti bai ɗago ba ya ce, "Ƙarya kake." Direba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. In rana ta kusa faɗuwa yakan goge hannu da tsumman rumfar, ya mayar da notinsa aljihu ya ce yau ma an tashi a tutar babu, Mai Noti ya ce gobe ma rana ce.

Ba su taɓa kiran juna aboki ba. Da za ka tambayi Mai Noti sai ya ce mai ciniki ne, da za ka tambayi Direba sai ya ce wani mai tarkace ne da ya kasa samo masa noti ɗaya. Mai Noti bai san gidan Direba ba, Direba bai san nasa ba. Irin mazan nan ne da suka tashi a kan cewa namiji ba ya zuwa wurin namiji haka kawai, sai da dalili. Nasu dalilin shi ne notin nan.

Ana nan sai ido ya fara ba Mai Noti matsala. Yanar ido ta rufe na dama, na hagu ma ya soma gani dishi-dishi. Hannu bai damu ba, aikinsa yake yi, amma ya fara gaida tela a matsayin mai faci, ran nan kuma saura kaɗan ya shiga gaban babur. Labari ya kai wa Uwata. Ta ɗauki hutu ta zo, ba ta nemi shawararsa ba, ta kai shi asibiti aka sa ranar aiki.

Kafin ranar ta raka shi rumfa. Ita da take yini a kantin da kowace kwalba take da gurbinta, ta tsaya a bakin daro, hannu a ƙugu, tana girgiza kai.

"Baba, wannan hargitsin har yaushe? Ka san a Turanci kalma ɗaya ce ake kiran rumfar nan da ita, da tarzomar titi, da ciwon da yake birkita jikin mutum?"

"To Bature ya yi rowar kalma, Uwata. Ni dai ban ga wanda aka fasa wa kai a nan ba."

"Idonka fa? Shekara talatin kana ƙura shi cikin tsatsa."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ta yi dariya ta ƙyale shi, ya ɗauka maganar ta wuce.

Aka yi aiki lafiya, aka ce ya kwanta kwana goma sha biyu, ba sunkuyo, ba shiga ƙura. Uwata ta karɓi mabuɗin rumfar, ta ce za ta riƙa leƙawa kada ɓera ya yi gida. Kullum da safe ta ɗiga masa magani, ta dafa masa shayi, ta fita, sai yamma ta dawo a gajiye tana warin kananzir. Da ya tambaya ta ce risho ne. Ta kuma ce akwai wani dogon tsoho da yake ta zuwa tambayar jikinsa, kullum hannu a aljihu. "Mai ciniki ne," in ji shi. Kwanakin nan ya ji daɗinsu fiye da yadda zai iya faɗa. Mayafinta a rataye a kan ƙofa, cajar wayarta a inda kofinsa yake zama, kofin kuma sai an nema. Ya yi ta mita da baki, zuciyarsa kuwa fes.

A kwana na goma sha uku aka cire bandeji, duniya ta dawo masa tar, har zaren rigar likita yake gani. Washegari ta riƙo hannunsa, ko da yake ba ya bukata, suka nufi kasuwa. Tun daga nesa ya ga masu gyaran keke suna ta murmushi. Ta ɗage buhun da ta rufe gaban rumfar da shi.

Babu daro. An kafa katakai hawa biyar a bango uku, an jera gwangwanayen madara ɗari da wani abu, kowanne an wanke shi an manna masa farar takarda da kyakkyawan rubutunta: lamba kaza namiji, lamba kaza mace, na keke, na fanka. Notin da suka shekara talatin cikin tsatsa an jiƙa su a kananzir an goge su ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa a share, benci an fitar da shi bayan rumfa don a sami wurin tsayawa. Banda kafintan da ya buga katakai, ita kaɗai ta yi aikin. Ya dubi hannunta, yatsu huɗu da filasta, farata duk sun karye.

"Yanzu ba sai ka sunkuya ba, Baba. Ba sai ka wahalar da idon ba. Mutum ya zo, ka miƙa hannu, ka ba shi, ya tafi."

Tsari abu ne mai kyau, wannan ba mai musu, a kantin magani ma shi yake raba rai da ajali. Mai Noti ya san tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa hidima irin wannan ba. Ya kuma san abin da aka ɗauke masa tun kafin ta rufe baki. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata," kuma har zuciyarsa ya faɗa.

Bayan azahar kaɗan Direba ya shawo kwana. Ya yi wa Mai Noti barka da warkewa, ya ce yanzu dai zai ga muninsa da kyau in ya duba madubi. Sannan ya dubi bango, ya dubi ƙasa inda daro na uku yake zama, ya rasa inda zai sa kansa.

"Baba, kai ne mai notin nan da aka daɗe ana nema?" in ji Uwata tana duban Direba, don masu gyaran keke sun ba ta labari. "Kawo mu gani."

"A'a 'yata, bar shi, ba na sauri ba ne."

"Kawo dai, Baba."

Ba yadda zai yi, ya zaro ya miƙa mata. Ta juya shi, ta kai hannu hawa na sama can kusurwa, ta sauko da wani ɗan gwangwani da ta rubuta wa "irin na da". Guda shida ne a ciki. Ta farko ta yi yawa, ta biyu ta ƙi shiga, ta uku ta murzu sumul har ƙarshe kamar jiya aka raba su. Masu gyaran keke suka yi tafi, wani ya ce sai a sa ranar aure. Uwata ta dubi mahaifinta, farin ciki ya cika mata fuska.

Mai Noti ya san macen nan, mai ɗan tabo a kusurwa ɗaya. Tun a watan farko yatsansa ya taɓa ta, ya tura ta ƙasan daro. Kuma sau biyu, tun idonsa yana da lafiya, ya ga Direba ya ɗauko ta, ya murza ta ta shiga har rabi, ya saci kallonsa, ya kwance ta a hankali ya cusa can ƙasa ya ce, "Wannan ma ba ita ba ce." Ba wanda ya taɓa ɗaga maganar a cikinsu.

Direba ya daɗe yana kallon abin a tafin hannunsa.

"To," ya ce. "Ashe tana nan."

"Ashe," in ji Mai Noti.

Direba ya sa wa Uwata albarka, ya ce yarinya ɗaya ta fi tsoho biyu. Ya ɗan tsaya, ya sauya ƙafa, ya dubi wurin da benci yake a da. Sannan ya ce bari ya kai gida a gani, ya tafi tun rana tana da ƙarfi.

Kwana uku bayan haka Uwata ta koma bakin aikinta. Kafin ta tafi ta share ɗakin, ta naɗe mayafinta, ta cire cajarta, ta mayar da kofi kan taga.

Ciniki ya ƙaru, wannan ba ƙarya. Labari ya zaga cewa yanzu a wurin Mai Noti ba a ɓata lokaci, har daga wasu layuka ake zuwa. Mutum zai tsaya, ko daga kan babur ba zai sauka ba, ya miƙo noti, a miƙa masa nasa, ya ce an gode, ya ƙara gaba. Tela ya zo, Mai Noti ya so ya ji yadda aka ƙare da mai gidan haya, kafin ya haɗa tambayar tela ya kai bakin layi. Sai ya gwada dabara. Wani ya zo neman na fanka, ya yi ta lalube a hawan da ba shi ba yana cewa ido bai gama washewa ba. Mutumin ya miƙa hannu ta saman kansa ya ce, "Ga shi nan, Baba, an rubuta." Kunya ta ishe shi, bai sake ba.

Hannunsa ya yi fes, baƙin da ya shekara talatin a ƙarƙashin farata ya fita. Sai ya yini yana gaisawa da mutum ɗari bai yi magana da kowa ba. Da can in ya koma ɗaki yana da abin da zai juya a ransa, ɗan wane da ya ƙi karatu, ciwon mai injin niƙa, musun da bai gama da Direba ba. Yanzu yakan koma hannu rabbana, ya sha shayinsa ya wanke kofi.

Wata safiya, kafin kowa ya buɗe, ya jawo daro ɗaya daga bayan rumfa inda Uwata ta kife su, ya sauko da gwangwani ya karkata shi. Minti goma sun isa ya mayar da komai yadda yake. Sai idonsa ya sauka a kan takardar. A gefen rubutun akwai ɗan shatin yatsa, jini da kananzir, ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Ya daɗe riƙe da gwangwanin. Ya tuna za ta zo hutun ƙarshen shekara, ya tuna fuskarta ranar da ta ɗage buhu. Ya mayar da shi gurbinsa, ya juya rubutun yana kallon waje, ya sake kife daron.

Ran nan ta kira shi a waya.

"Baba, ya rumfa? Ka ga sauƙi ko?"

"Sauƙi sosai, Uwata. Yanzu aikin ba ya cin lokaci."

"Ai na gaya maka."

"Kin gaya mini."

Direba bai dawo ba. Bayan azahar idon Mai Noti yakan tafi kwanar layi da kansa, ya ga mai baro, ya ga mai ruwa, ya ga duk wanda ba ya nema. Mako ya wuce, wata ya wuce. Ya san zumunci a ƙafa yake, amma ƙafar ba ta san hanya ba. In kuma ya tambayi masu gyaran keke gidan Direba, suka ce lafiya, ya ce musu me? Abin da ya iya yi shi ne ya fito da bencin daga baya, ya sake tokare shi da bulo, ya ajiye a gaban rumfa ko da yake yana tare hanya. Ya kuma shirya magana. Ba doguwa ba ce, zo ka zauna, shi ke nan. Yakan maimaita ta a hanya da safe ya ji ta yi masa nauyi a baki, don tun da yake bai taɓa ce wa wani ya zauna ba alhali ba abin da ake nema. A da daro ne yake faɗar ta a madadinsa.

A mako na bakwai, wata Laraba, ya hango Direba. Ya ƙara ranƙwafawa, rigar ta yi masa yawa, hannayensa biyu a waje. Ya zo ya tsaya a gaban rumfa, bencin yana taɓa gwiwarsa.

"Mai Tarkace. Ko da yake yanzu an raba ka da tarkacen."

"Direba. Kwana biyu."

"Wallahi. Ya idon?"

"Ya washe. Ya ƙugu?"

"Yana nan yadda ka san shi. 'Yar albarka ta sauka lafiya?"

"Lafiya lau. Ya yara?"

"Ƙalau. Ya zafin nan?"

"Lokacinsa ne."

Suka ja gaisuwar iyakar inda za ta iya kaiwa, suka tambayi lafiyar duk wanda suka sani, har ta ƙare musu. Direba ya bi gwangwanayen da kallo hawa-hawa, ko zai ga wanda aka manta ba a rubuta wa komai ba. Babu. Ya dubi bencin.

"Wucewa nake yi, na ce bari in leƙo," ya ce. "Yaron nan an yi masa canjin wurin aiki. Ƙarshen wata za mu tashi gaba ɗaya."

Mai Noti ya duba a ransa, saura kwana goma sha bakwai. Kwana goma sha bakwai na bayan azahar, ga benci, ga inuwa. Maganar tana kan harshensa a shirye, yana jin ta. Direba bai motsa ba, yana tsaye yana jira, yana shafa gefen aljihunsa. Mai Noti ya buɗe baki.

"To, Allah ya sa hakan ya fi alheri," ya ji kansa ya ce. "A gai da gida."

Direba ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu.

"Za su ji."

Ya juya ya tafi. Da idon da ne, taku goma sun isa ya narke cikin mutane a huta. Wannan idon kuwa ya bi shi har ƙarshen layi, bai ɓoye wa mai shi komai ba: yadda yake jan ƙafar hagu, yadda ya rage sauri a wajen mai faci, yadda ya tsaya cak a kwana ya ɗan jima bai waiwayo ba, kunnensa a baya. Sannan ya sha kwanar.

Sai a lokacin maganar ta fito, ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ji.

"Da ka zauna mana."